Memorin PS2 da na tsinta a akwatin Inna: shin gem ɗin wancan zamani ya fi na yanzu?

Baban Safiya, Runjin Sambo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na ga babu inda ya dace in kawo ta sai wannan zaure, domin na san akwai waɗanda muka yi zamani ɗaya da su a nan. Mun je gidanmu na Ƙofar Rini muna kwashe kayan ɗakin da muka tashi a ciki, saboda za a gyara rufin kafin damina ta faɗi, sai na ci karo da wani gwangwanin madara a ƙasan akwatin Inna. A cikinsa akwai tsofaffin katunan jarrabawa da maɓallan riga, da wani ɗan baƙin abu da bai kai kwalin ashana kauri ba. Memorin PlayStation 2 ne mai megabayit 8, har da ragowar farin filasta a bayansa, inda na rubuta sunana da biro don kada a musanya mini shi a gidan gem.

Kwana uku na yi ina cigiyar wanda yake da na'urar har yanzu, kafin na samu a wurin ƙanen wani abokina. Da muka soka memorin, sai ga ƙungiyata ta Master League (tsarin da mutum yake gina ƙungiyarsa kaka bayan kaka) a gem ɗin ƙwallo na PES 6 tana nan yadda na bar ta, tana kaka ta shida, Castolo yana benci domin na kasa sayar da shi duk da ya tsufa, Minanda kuma yana tsakiya. Na daɗe riƙe da fad, wato abin riƙon da ake buga gem da shi, ban danna komai ba.

Daga baya na buga wasa huɗu a jere, kuma abin da ya sa nake rubutu ke nan. Na je da zaton cewa zan ga abin ya yi mini muni, kamar yadda mutum yake komawa makarantarsu ta firamare ya tarar ajin da yake gani ƙato ashe ɗan ƙarami ne. Amma ƙwallon tana da nauyi, idan ka ba da fas a gaggauce tana kuɓucewa, kuma idan aka ci ka, ka san kuskuren da ka yi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne duk wanda ya zauna a gaban talabijin ɗin ƙarfinsa ɗaya da na abokin karawarsa, sai abin da yatsunsa suka iya. Ƙanena yana buga eFootball a waya, wato magajin PES tun da kamfanin Konami ya sauya masa suna a 2021, kuma na sha ganin yana ƙorafin cewa wanda ya zuba kuɗi ya sayi manyan 'yan wasa ya riga ya yi masa nisa tun kafin a take ƙwallo. Sannan faifan da aka buga a 2006 ya tashi ba tare da data ba, ba tare da neman iznin kowa ba.

Tambayata ita ce: ƙuruciyata nake kewa har ta rufe mini ido, ko kuwa da gaske akwai abin da gem ɗin wancan zamani yake da shi wanda na yanzu ya rasa?

Ɗan Mabera:

Wa alaikumus salam. Baban Safiya, ina bayanka a kan wannan magana, sai dai ina ganin ka makaro da shekara bakwai ko takwas. A wurina ƙwallon gem ta kai ƙololuwarta ne a PlayStation ta farko, wadda Sony ta fitar a Japan a Disambar 1994, lokacin da muke buga Winning Eleven, gem ɗin ƙwallo na Konami da aka fi sani daga baya da PES. Faifan da ya zo hannunmu na Japan ne, babu harafi ɗaya da muke iya karantawa, amma mun haddace komai da wurin zamansa: ka sauko layi na uku ka shiga tsarin 'yan wasa, ka danna da'ira domin amincewa, saboda a faifan Japan da'ira ce take nufin e, ekis kuma ya mayar da kai baya. Muryar mai sharhin nan Jon Kabira har yau tana kunnena, kuma yaran unguwarmu suna kwaikwayon ihunsa a filin ƙwallon ƙasa idan sun ci, alhali babu wanda ya san ma'anar abin da yake faɗa.

Kada a manta da lokacin da abin ya zo. Najeriya ta ɗauko zinare a Atlanta a 1996 bayan ta doke Brazil da ci 4 da 3 da Ajantina da ci 3 da 2, sannan a Faransa a 1998 muka ci Sifen 3 da 2 da ƙafar Oliseh. Saboda haka ɗaukar Najeriya a gem abin alfahari ne, kuma ƙungiyar tana da ƙarfi a faifan. Ka ba Tijjani Babangida ƙwallo a gefen dama ka danne R1, maɓallin gudu, babu mai tsaron bayan da zai kamo shi. Masu ɗaukar Brazil kuma su cire Roberto Carlos daga baya su kai shi gaba saboda gudunsa da ƙarfin ƙafarsa ta hagu. Wannan dabara babu wanda ya koya mana ita a intanet, daga baki zuwa baki ta zagaye Sakkwato, kuma sai da muka girma muka gano cewa yaran wasu ƙasashe ma haka suka yi.

Autan Arkilla:

Yayyena, ina neman afuwa idan na shigo maganar manya. An haife ni a 2004, saboda haka ban riski yawancin abin da kuke faɗa ba, amma ban zo da ka ba, na gwada. Na sauke manhajar da take tayar da gem ɗin PlayStation a waya, na buga Winning Eleven ɗin da Yaya Ɗan Mabera yake yabo. Gaskiyar abin da na gani shi ne 'yan wasan kamar an sassaƙa su da itace, fuskarsu ɗaya, kuma ɗan wasa ba ya juyawa sai ta kusurwa takwas. Ban kai minti ashirin ba na ajiye.

Game da maganar cewa kowa ƙarfinsa ɗaya, ina da ja. Ku da kanku kuke ba mu labarin Adriano na Inter Milan a PES 6, wanda ƙarfin bugunsa ya kai 99, har wasu gidajen gem suka kafa dokar hana ɗaukar Inter. Idan har sai an kafa doka, ashe akwai rashin daidaito tun a cikin faifan. Haka kuma kuɗi bai taɓa fita daga wannan harka ba. Yaron da ba shi da naira ashirin a wancan lokaci tsayawa yake yi a bakin ƙofa yana leƙe. Yau ni da abokaina huɗu, ɗaya a Illela, ɗaya a Gusau, biyu a nan gari, muna haɗuwa a Free Fire, gem ɗin harbi na waya, bayan sallar isha'i ba tare da kowa ya biya kuɗin mota ba. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ina jin tsoron kada hakan ya sa ku kasa ganin abin da yake gabanku.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:

Auta, ka yi magana mai ma'ana, amma gwajin da ka yi bai cika ba, kuma zan gaya maka dalili a matsayina na wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana buɗe cikin waɗannan na'urori. An ƙera gem ɗin wancan zamani ne domin talabijin mai doro, wadda take zana hoto layi bayan layi kuma take nuna shi nan take. Irin wannan gilashi yana narkar da gefen hoto, sai abin da kake gani a waya kamar sassaƙen itace ya fito da laushi. Talabijin ta bango da waya kuwa sai sun sarrafa hoton kafin su nuna, kuma wannan ɗan jinkirin, ko da bai kai ƙiftawar ido ba, yana ɓata wasan da aka gina a kan saurin yatsa. Ka ƙara da cewa kana shafa gilashi ne, babu maɓallin da yake nutsewa a ƙarƙashin babban yatsanka.

Hujjar da ta fi kowace bayyana ita ce bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt, wanda Nintendo ta fitar a 1984. Idan ka ja kunamar, talabijin tana yin baƙi na ɗan lokacin da ido ba ya kamawa sosai, sai farin akwati ya bayyana a daidai inda agwagwar take, wani ɗan ido a cikin bakin bindigar ya duba ko ya ga haske. A talabijin ta zamani farin akwatin yana zuwa a makare, shi ya sa ko ka manna bindigar a jikin gilashin ba za ka sami agwagwa ɗaya ba. An sha kawo mini bindigar a ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

Sai dai kuma, Baban Safiya, kada mu shafa wa zamanin da zuma. Ni na san wahalar da aka sha domin a teburina take ƙarewa. Yawancin fayafayan da muka buga kwafi ne da cikinsu yake fari, na asali na PlayStation ta farko cikinsu baƙi ne, kuma sai an dasa wa na'urar wani ɗan cif kafin ta karɓi kwafin. Kwafin yana gajiyar da idon na'ura, ga ƙurar hunturu ta Sakkwato da take shiga ko'ina, ga zafin watan Afrilu da yake haura digiri 40. Shi ya sa za ka shiga gidan gem ka tarar an kifa PlayStation a kan murfinta, domin idan robar da idon yake gudu a kanta ta cinye, kifawar tana mayar da shi daidai na ɗan lokaci. Faifan Japan kuma tsarin nuna hotonsa NTSC ne, namu talabijin kuwa na wani tsari ne daban, wato PAL, saboda haka da yawa sun buga Winning Eleven a hoto baƙi da fari, suna bambance ƙungiyoyi da duhun riga kawai. Ban san adadin na'urorin da aka ƙona ba saboda an soka mai cin wuta 110 kai tsaye a wutarmu ta 230 ba tare da abin rage ƙarfi ba. Hura kaset da baki ma, wanda kowa ya ɗauka magani ne, damshin numfashi tsatsa yake sa wa haƙoran kaset, cirewa da mayarwar ce take gyara zamansa.

Abin da zan yaba wa na da shi ne suna gyaruwa. Da sukundireba da auduga da ɗan sinadarin goge ƙarfe ina tayar da na'urar da ta shekara goma sha biyar a ajiye.

Maman Abdul, Minanata:

Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na lura cewa kowa yana cewa gidan gem kamar wuri ne da dukanmu muka shiga. Mu mata ba mu taɓa taka ƙofarsa ba, kuma babu wanda ya yi tunanin za mu taka. Idan an aike ni sayen kalanzir na wuce ta gaban shagon, abin da nake samu shi ne ihun maza da ƙarar janareta da labulen buhu da iska take ɗagawa.

Nawa gem ɗin a tsakar gida yake. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga aikin Hajji da wata na'ura mai kaset rawaya, irin waɗanda aka kwaikwaya daga Famicom ta Nintendo, an rubuta a jikin kaset ɗin cewa akwai wasa dubbai a ciki, amma idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba su wuce goma sha wani abu ba, sauran maimaici ne da aka sauya wa launi. A ciki akwai Mario, akwai wanda muke kira Tanka, wato Battle City na kamfanin Namco na 1985. Wannan na biyun shi ne ya zauna mini a rai, domin mutum biyu suke bugawa a gefe ɗaya, suna tsaron wata mikiya da aka kewaye da bulo a ƙasan allo. Yayana yana fita farautar tankokin abokan gaba, ni kuma ina tsayawa gadin mikiya, kuma ranar da harsashina ya fasa bulon ya kashe ta da hannuna, sai da na yi kuka na gaske. Bai yi mini faɗa ba, ya danna maɓalli muka sake daga farko. Ya rasu shekara shida da suka wuce, kuma ba na iya jin kiɗan farkon wasan nan ban tuna da shi ba.

Bayan haka sai ƙaramin gem ɗin hannu na jera bulo mai cin batir biyu, sai Snake a Nokia 3310 ta Innarmu bayan wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001. Saboda haka ina tare da Auta a gefe ɗaya: wayar da kuke kuka da ita ita ce ta buɗe wa mata ƙofar da aka rufe mana. Yanzu ina buga ludo a waya da ƙannena biyu da suke aure a Kano da Yamai, kuma a nan muke jin lafiyar juna. Amma idan aka ce in zaɓi wasa ɗaya, Tanka zan ɗauka, kuma na san dalilina ba ingancin hoto ba ne.

Baban Safiya, Runjin Sambo:

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba da Yaya, ya sa Aljanna ce makomarsu. Kin tuna mini abin da ban taɓa tsayawa na duba ba, domin ina da 'yan'uwa mata uku kuma ban taɓa tambayar ɗayansu ko tana son riƙe fad ba. Na karɓi wannan gyara.

Auta, ka kama ni a kan Adriano, amma ka duba bambancin da kyau. Adriano yana cikin faifan kowa. Idan na ɗauki Inter kai ma kana iya ɗaukarta, ko mu yi yarjejeniya mu bar ta gaba ɗaya, kuma mu da muke zaune a benci ɗaya mu ne muke kafa dokar, mu ne muke warware ta. Murtalar da muke biya lokaci take saya mana, ba ta ƙara wa ɗan wasana gudu ko da taki ɗaya. Ɗan mai kuɗi da ɗan mai faci idan suka zauna, wanda aka ci shi ne yake tashi, kuma na ga yaron da yake tallar ruwa ya riƙe kujera tun daga la'asar har magariba babu wanda ya iya tayar da shi. A tsarin yanzu kamfani ne yake riƙe da ma'auni, yana fito da sabon ɗan wasa mai ƙarfi lokaci bayan lokaci domin wanda ka saya jiya ya zama tsohon yayi. Wannan shi ne abin da nake cewa an rasa, kuma ba na jin ƙuruciya ce take sa ni faɗar haka.

Malam na Gidan Igwai:

Ni malamin makaranta ne, na kusa shekara talatin a aji, saboda haka na ga gidan gem ta ɓangaren da ku ba ku gani ba. Na sha zuwa da kaina in fito da ɗalibai daga irin waɗannan shaguna da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, rigar makaranta a cikin jaka. Na san yaran da suka taɓa kuɗin cefanen gida, na kuma san shagunan da wasan ya rikiɗe ya koma caca, ana ajiye kuɗi a kan wanda zai ci. Duk wanda zai ba da tarihin wancan zamani da gaskiya dole ya haɗa da wannan.

Duk da haka, idan aka auna, damuwata a yau ta fi ta jiya. Gidan gem yana da iyaka ta kowane gefe. Kuɗin yaro yana ƙarewa, ana ɗauke wuta, mai ya ƙare a janareta, mai shago na kirki yana kashe talabijin idan an kira salla, kuma uba ya san ƙofar da zai je ya tsaya. Wayar da take ƙarƙashin matashin kai ba ta da mai rufe ta. Ina ganin yara a aji na farko da safe idanunsu jajur, idan na bincika sai in tarar sun kai ƙarfe biyu na dare suna fafatawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasan gem fiye da kima a jerin cututtukan da ta amince da su a 2019, kuma sharaɗin da ta gindaya shi ne wasan ya fi ƙarfin mutum har ya danne karatunsa ko aikinsa ko zamansa da iyali. Akwai kuma akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi ba tare da sanin abin da zai fito ba, waɗanda hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa caca ne. Cacar da muke korar yara daga gare ta a shago yanzu an gina ta a cikin wasan kansa, kuma wannan ya kamata iyaye su sani.

Kada a ɗauka ni maƙiyin abin ne. Na buga gem ɗin harbi na Contra da ƙanena a farkon shekarun 1990, kuma har yau yatsuna sun san sirrin maɓallan da ake dannawa a sami rai talatin: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A. Wasa ne mai farko da ƙarshe, idan ka gama shi ka gama, ka tashi ka kama wani abu.

Autan Arkilla:

Malam, Allah ya ƙara girma. Maganar dare gaskiya ce, ni ma na taɓa faɗawa ciki a shekarar da zan rubuta jarrabawar fita sakandare, sai da Yayana ya riƙa karɓar wayar da ƙarfe goma. Ina so dai a san cewa ba dukanmu muke zuba kuɗi ba, kuma akwai wasannin zamani masu farko da ƙarshe waɗanda ba sa buƙatar intanet. Amma maganar memorin Yaya Baban Safiya ta sa ni tunani tun jiya. Shi ya buɗe gwangwani ya tarar da ƙungiyarsa. Ni duk abin da na tara a shekara biyar yana kan kwamfutar kamfani a wata ƙasa. Shin akwai abin da zan tarar idan na kai shekarunsa?

Ɗan Kanwuri, mazaunin Abuja:

Auta, tambayarka tana da amsa, kuma ba mai daɗi ba ce. Wasan da rayuwarsa ta dogara da kwamfutar kamfani yana mutuwa ranar da aka kashe kwamfutar. Misalin da ya tayar da ƙura shi ne The Crew, wasan tseren mota na Ubisoft da ya fito a 2014: a ƙarshen Maris 2024 aka rufe shi, har waɗanda suka sayi faifansa da kuɗinsu suka kasa buɗe shi. Tsofaffin ma ba su tsira gaba ɗaya ba, domin wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Abin da ya rage yana hannun masu tsofaffin fayafayai da masu gyara irin Mai Gyara, da masu rubuta manhajojin kwaikwayo irin wadda ka gwada. Shawarata ga Baban Safiya ita ce ya sa a kwafe abin da yake cikin memorin nan zuwa filashi tun yana karantuwa.

Tsohon Mai Gidan Gem, Gawon Nama:

Tun da aka fara wannan muhawara nake bi ban ce komai ba, domin ni ne mutumin da ake magana a kansa. Na riƙe shago shekara goma sha huɗu. Na fara da Sega Mega Drive biyu, lokacin da Mortal Kombat da Sonic suke tashe, na koma PlayStation, na ƙare da PS2 shida da PS3 biyu. Malam, abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma ina cikin waɗanda suke kashe janareta idan an kira salla, ko da ana tsakiyar bugun fenariti. Na yi asarar kwastomomi a kan haka, ban kuma yi nadama ba. Mai rigar makaranta ba ya shiga mini kafin a tashi.

Abin da nake tunawa ya bambanta da naku, domin ni ina bayan benci ne ina kallon ƙeyarku. Na san fad ɗin da kowa yake gudu saboda R1 ɗinsa ya mutu, na san yadda maɓallin akwati yake fara lotsawa kafin sauran saboda da shi ake buga ƙwallo raga. Ina da littafi mai layi inda nake rubuta bashi, kuma akwai waɗanda yanzu manyan ma'aikata ne da har yau sunansu yana ciki da naira talatin. Akwai wani yaro da ba ya taɓa biya domin ba shi da shi, amma ya san sunan kowace ƙungiya ta bogi, shi ne yake gaya wa sababbin zuwa cewa Merseyside Red ita ce Liverpool, Man Blue kuma Manchester City. Da yamma idan mutane sun ragu nakan miƙa masa fad ya buga wasa ɗaya kyauta, kuma ban taɓa ganin wanda yake riƙe shi da irin wannan girmamawa ba.

Waya ce ta fara rage mini ciniki, ƴan kallon ƙwallon Turai suka ɗauki sauran, shi ya sa na rufe. Waɗanda suka ci gaba da sana'ar sun gamu da tsadar PS4 da PS5, sannan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya sa kunna janareta domin yara huɗu ya zama asara. Amma ban zubar da kayana ba. A ɗakin ajiyata akwai talabijin mai doro guda biyu masu inci 21, da PS2 uku, da buhun fayafayai, da wata na'ura mai kaset rawaya. Tunda Auta ya ce a waya ya gwada, kuma Mai Gyara ya ce gwajin bai cika ba, gani ya kori ji. Ƙofar gidana tana da rumfa da wuta mai amfani da hasken rana. Ku zo ranar Asabar bayan la'asar, a zaunar da Auta a gaban PES 6 da fad na gaske, sannan shi ma ya nuna mana nasa a waya mu gwada da zuciya ɗaya.

Autan Arkilla:

Na amince, Alhaji, kuma zan zo da abokina ɗaya. Sharaɗina shi ne babu mai ɗaukar Inter.

Maman Abdul, Minanata:

Alhaji, idan akwai Tanka a cikin kaset ɗin nan, ina roƙon a ara mini na'urar na kwana biyu bayan kun gama. Abdul zai zo ya ɗauka. Ina so in zaunar da shi da ƙanwarsa a gefe ɗaya su tsare mikiya, in ga wanda zai fita farauta da wanda zai tsaya gadi.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:

Alhaji, don Allah kada a kunna komai kafin in gani. Talabijin da ta daɗe a ajiye tana tara ƙura da damshi a ciki, kuma akwai wuta mai ƙarfi a bayan gilashinta, saboda haka kada wani ya buɗe murfin baya da kansa. A aiko mini da PS2 ɗin guda biyu da mai kaset ɗin ranar Alhamis da safe in goge idanunsu in duba lambar wutar da take rubuce a ƙarƙashin kowace. Talabijin kuma zan biyo in duba su a gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Baban Safiya, ka taho da memorin a cikin gwangwaninsa, ni zan zo da filashi.